Lambobin Neville a Ƙirjin Dama

Laraba, 3 ga Afrilu, ƙarfe 4 na yamma

Jikata Tahlia ce ta ba ni littafin nan tun Kirsimeti, wai in riƙa rubuta abin da ke damuna. Wata uku yana ƙarƙashin ƙafar teburin kicin, don ba abin da ke damuna sai rawar teburin. Yau na ciro shi. Teburi ya koma rawarsa, oho masa.

Yau na samu labarin rasuwata.

Ina shanya da hantsi sai karenmu Kofur ya hau haushi. Na leƙa, ga wata mata a bakin ƙofa, an gyara gashi, an sha riga shuɗiya, rungume da gwangwanin kek kamar jariri.

Ta ce, "Sannu da aiki. Nan ne gidan Neville Tregear?"

Na ce, "Nan ne."

"Ke ce mai yi masa aikin gida?"

Na dubi wandunansa da ke lilo a igiya, na ce, "Shekara hamsin da uku ke nan, kuma ko hutu bai taɓa ba ni ba."

Sunanta Coral Wieland, daga Adelaide, awa biyar a bas. Wata bakwai suna hira a intanet da Neville nawa, har ya yi mata alkawarin aure. Tsohon sojan Vietnam ne, yana zaune shi kaɗai a nan Merringa tun da matarsa ta rasu shekara uku da suka wuce.

Na ce, "Allah sarki. Ta sha wuya kafin ta cika?"

"Ya ce a hannunsa ta cika, tana murmushi."

"To, wannan kam ba halinta ba ne."

Na ɗaga murya: "Nev! Fito, amaryarka ta iso! Wai kuma ni na mutu!"

Ya fito daga ɗakin tarkacensa na ƙarshen lambu, singileti duk huda, kofin shayi a hannu, haƙoransa kuwa suna can cikin kofi a bakin taga. Mutumin da ko tashar talabijin zai canza sai ya ƙwala mini kira! Coral ta dubi wayarta, ta dube shi, ta sake duban waya. Sai ta zauna a kan matakala ta fashe da kuka.

Nan dariya ta tsaya mini. Na kama ta muka shiga, na dafa shayi, muka yanka kek ɗin. Kek na lemun tsami, kuma gaskiya ɗaya ce, ya fi nawa.

Ta nuna mana shafin. Sunansa ne, lambar rajistarsa ta soja ce, ga hotuna biyu. Ɗaya na bikin ɗan ƙanwata. Ɗayan kuma tsohon hoton nan ne na 1968, su biyu cikin kaki, kowa ya dafa kafaɗar ɗan uwansa.

Nev ya ajiye kofi a hankali. Ya koma ɗakin tarkace.

Hoton nan na san shi. Na kuma san... to, a bar wannan.

Alhamis, 4 ga Afrilu, ƙarfe 11 na safe

Ba bas sai gobe, don haka amarya ta kwana a ɗakin baƙi, gawa ta shimfiɗa mata gado.

Mace ce mai hankali, shekara talatin tana sakatariyar makaranta. Mijinta ya rasu, 'ya'ya sun watse. Ta tura wa mutumin can, ɓarawon da ya ari sunan Nev, kuɗin da ta tura, ban tambayi nawa ba, ita ma ba ta faɗa ba. Abin da ya fi ci mata rai, wai waƙoƙin da yake rubuto mata.

Na ce, "Da kin tambaye ni. Wasiƙa ɗaya Nev ya taɓa rubuto mini, rabinta bayanin yadda ake cire tsutsa daga kofaton tunkiya."

Ta yi dariya har ta ƙware.

Sai dai ta gaya mini abin da bai yi mini daɗi ba. Mutumin can sunan gari kawai ya ba ta. Da ta sauka daga bas, kulob ɗin tsofaffin sojoji ta shiga neman kwatance, ta kuma nuna wa duk wanda ke zaune shafin. A Merringa, wannan daidai yake da a buga a jarida.

Nev kullum da safe yana yin fito da baki in yana ba kaji tsaba. Waƙa ɗaya tilo, ba kai ba gindi, shekara hamsin da uku tana ci mini kunne. Yau bai yi ba.

Juma'a, 5 ga Afrilu, ƙarfe 3 na rana

Na raka Coral tasha. Na dawo na tarar da Warwick Dunstan a falo, sakataren kulob, tsohon sojan ruwa, mutumin da ke yi wa hankicinsa guga. Ya ƙi kek. Da ganin haka na san ba alheri ya kawo ba.

Ko ɗan firamare a ƙasar nan ya san ƙa'idar Ranar Anzac, ranar tunawa da sojoji, 25 ga Afrilu. Lambar yabon da kai ka samo da jikinka, a ƙirjin hagu take, saitin zuciya. Ta ubanka ko kakanka ko ɗan uwanka, a dama. Shekara shida da muka sayar da gona muka dawo garin nan kusa da 'yarmu Narelle, kuma duk shekara Nev yana bin fareti can baya cikin dangin sojoji, lambobinsa a dama. Kowa ya ɗauka na wani ɗan uwansa ne. Ba wanda ya tambaya, shi kuma bai ce ba.

Warwick ya ce, "Nev, ka fahimce ni. A nan kai ɗan uwan soja ne, a intanet kuma kai soja ne mai neman aure. Bara a garin maƙwabta wani ya sayi lambobi, ya yi jawabi a makarantu uku, ashe ko bindigar wasa bai taɓa riƙewa ba. Tun daga nan kwamiti ya yanke: duk wanda sunansa ya shiga irin wannan magana, sai ya shiga shafin gwamnati ya tabbatar da kansa ta kyamara, fuska da takarda. Minti ashirin ne. In ba haka ba, ba fareti, ba kulob."

Nev ya ce, "Ban taɓa ce wa kowa ni soja ba ne."

"To lambobin na wane ne?"

Nev ya kau da kai.

Na ce, "Warwick, ya je. 1968. Ni na tsaya a tashar jirgin ƙasa ina kuka har kwallina ya kai haɓa."

"To me ya sa yake sa su a dama, Glenys?"

Na san amsar, amma ba ta faɗuwa. Akwai alkawarin da na ɗauka tun ina da ƙugu.

Da zai tafi na cusa masa yankin kek a aljihun kwat ba tare da ya sani ba, ba takarda. Ya je ya yi guga.

Asabar, 6 ga Afrilu, ƙarfe 7 na safe

Bai yi fito ba.

Litinin, 8 ga Afrilu, ƙarfe 2 na rana

Na shiga gari sayen nama. Mahauci ya ce, "Glenys! Ashe kina raye? Ina angon?"

Na ce, "Yana gida yana amsa wasiƙun 'yan mata. Ba ni haƙarƙari, mara ƙashi da yawa, ka san gawa ba ta da haƙori."

Shago duka aka kwashe da dariya, ni ma na taya su. Amma da na juya na ji wata ta rage murya tana cewa, "Dama lambobin nan ban taɓa yarda da su ba." Matar da tun zuwanmu garin nan take cin biskit ɗina!

Narelle ta kira. "Mama, ki lallashi Baba mana. Minti ashirin ne fa."

Na ce, "Ke 'yar nan, ubanki ne, ke ki zo ki lallashe shi. Ni shekara goma na yi kafin ya yarda ya bar wandon nan mai ruwan ƙasa."

Saura kwana goma sha bakwai a yi fareti. Tun da ya fara bin fareti bai taɓa fashi ba, ko shekarar da ya karye a ƙafa, da sanda ya bi. Ba don kansa yake bi ba. Shi ya sa.

Laraba, 10 ga Afrilu, ƙarfe 5 na yamma

Na shiga yajin aiki. Na toya biskit mai kwakwa tire biyu, gida ya cika da ƙamshi, na kulle su a kabad na rataya makulli a wuya.

Na ce, "Tsoho, fuskarka a kyamara, biskit a bakinka. Zaɓi ya rage naka."

Ya ce, "Ba na jin yunwa, Glen."

Neville Tregear ba ya jin yunwar biskit. Na buɗe kabad na ajiye masa tiren a gaba. Kofur ne ya ci uku.

Juma'a, 12 ga Afrilu, ƙarfe 10 na safe

Coral kullum sai ta kira. Ta ce fushi ya fi kuka amfani, ta zauna gaban kwamfuta kamar ɗan sanda.

Ga abin da ta gano. Gwamnati tana da rajistar duk waɗanda suka je Vietnam a intanet, kowa yana iya dubawa, sunan Nev da lambarsa suna ciki. Can ɓarawon ya kwafo lambar. Amma suna a rajista ba ya nuna cewa tsohon da ke ba kaji tsaba a Merringa shi ne mai sunan, sai an haɗa fuska da takarda. Shafin ƙaryar kuma yana nan daram, ta ga alamar wata mata daga Tasmania ta fara tura masa hoton furanni. Ba za a sauke shi ba sai mai sunan na gaskiya ya tabbatar da kansa ya kai ƙara.

Sai ta ce, "Glenys, na bi sawun hotunan. Na ga inda aka fara sa su."

Na ce, "Ana ruwa a Adelaide?"

"Glenys."

"Don nan garin ya yi luf, kamar za a yi."

Ta ce, "Ba zan gaya masa ba. Amma ke za ki gaya masa."

Asabar, 13 ga Afrilu, ƙarfe 4 na yamma

Na wanke murhu ciki da waje. Na wanke labule. Na yi wa Kofur wanka, bai yi laifin komai ba.

Lahadi, 14 ga Afrilu, ƙarfe 1 na rana

To, tunda littafina ne, bari in rubuta. Ni ce.

Bara, ranar cikarmu shekara hamsin da biyu da aure, matan ƙungiyarmu ta ɗinki suna ta sa hotunan mazansu a intanet, duk masu tumbi. Ni kuwa ina da na nunawa. Na lallaɓa cikin gwangwanin da yake adana kayansa na soja na ɗauki hoton da waya, na sa, na haɗa da na biki. Ban san akwai wurin da ake dannawa a hana duniya gani ba. Ni na zaci mu goma sha biyu na ƙungiya ne kawai za mu gani.

Bayan coci na bi shi ɗakin tarkace. Yana wasa almakashin da ya wasa jiya.

Na ce, "Nev, ni na sa hoton."

Bai ɗago ba. "Na sani."

"Ka sani?"

"Wa ke buɗe gwangwanin nan ya mayar da murfi a karkace in ba ke ba?"

Na tsaya kamar an dasa ni. Kwana goma sha ɗaya ina ɓoye-ɓoye a banza!

Ya ce, "Me kika rubuta a ƙasan hoton?"

Na ce ba komai. Ya ce in faɗa. Na ce, "Na rubuta: ku ga kifin da na kamo tun 1968, har yau bai ruɓe ba."

Kafaɗarsa ta fara rawa. Ya yi dariya har ya dafa benci, ni kuma ina kuka ina dukan bayansa da tsumma. Ya ce, "Wanne daga ciki? Ai Dinny ya fi ni kyau."

Ya faɗi sunan. Rabon da in ji sunan nan a bakinsa, na manta.

Amma da na kawo zancen kyamara, ya koma kan almakashinsa.

Talata, 16 ga Afrilu, ƙarfe 7 na yamma

Coral ta dawo, wannan karon da kek mai ayaba da kwamfutarta. Ni na gayyace ta. Narelle ta ce, "Mama, ke kaɗai ce a duniya za ki yi wa budurwar mijinki shimfiɗa sau biyu." Na ce ai mu matattu ba mu da ƙyashi.

Muna cin abinci, Nev yana ta sunkuyar da kai don har yanzu kunyarta yake ji, sai Coral ta ce, "Malam Neville, wannan na kusa da kai a hoton, mai manyan kunnuwa, yana raye? Mutumin can ya ba ni labarinsa."

Na taka mata ƙafa a ƙarƙashin teburi. Teburin ya yi rawa, miya ta zube, ita kuwa ba ta gane ba.

Nev ya ce, "Me ya ce?"

"Wai yaro ne matsoraci, ya ruɗe a daji ya jefar da bindiga, kai ka goya shi mil uku cikin ruwan harsashi. Wai saboda shi aka ba ka lambobin. Duk matar da yake hira da ita, da wannan labarin yake fara kama ta."

Nev ya ajiye cokali. Fuskarsa ta yi fari kamar faranti.

"Matsoraci."

"Haka ya ce."

"Ni ban goya kowa ba." Ya miƙe. Ya kai bakin ƙofa, ya juyo. "Abin nan naku na kyamara, ƙarfe nawa ake buɗewa?"

Laraba, 17 ga Afrilu, ƙarfe 9 na safe

Dinny Keogh. Gonarsu tana jikin ta su Nev. Rana ɗaya aka haife su, don haka da gwamnati ta jefa ƙuri'ar ranakun haihuwa ta ɗiban sojoji, ƙuri'a ɗaya ta kwashe su biyun. Dinny ne ya fara neman rawa da ni, ya taka mini ƙafa sau huɗu, ya ce, "Bari in kawo miki abokina, ya fi ni iya taka mutane."

Wata safiya a can Vietnam, zazzaɓi ya kwantar da ɗayansu, ɗayan kuma ya ce a sa sunansa a madadin wajen fita sintiri. Mai zazzaɓin ne kawai ya dawo gida.

Ba zan ƙara ba. Na yi alkawari, ko wannan ma na wuce gona da iri.

Na ji ana jan akwati a ɗaki. Nev ne, farar riga yake nema.

Alhamis, 18 ga Afrilu, ƙarfe 3 na rana

An yi! Bari in zauna in ba da labari da kyau.

Coral ta nema mana ƙarfe goma, a ƙaramin ɗakin laburare, don intanet ɗin gidanmu sai ya ga dama. Nev ya sha farar riga da laktaye, ya sa haƙora, ya shafa man gashi a kan gashi bakwai ɗin da suka rage. Ƙasa kuwa gajeren wandon lambu. Ya ce ai kyamara ba ta kaiwa can.

Da farko na'ura ce ke ba da umarni. A nuna lasin tuƙi. Ya nuna a kife. A matso da fuska. Ya matso har allon ya cika da ƙofofin hancinsa, Coral ta ce, "Malam Neville, ba likita ba ne." A juya kai hagu. Ya juya dama. A ƙifta ido. Ya ce, "Ni ba na ƙifta wa abin da ban sani ba ido, haka aka jawo mini wannan masifar." Na ce, "To ƙifta mini." Na tsaya bayan kwamfutar na murguɗa masa baki. Ya ƙifta, na'ura ta karɓa.

Sai wata jami'a ta bayyana, mai gilashi da murya mai sanyi. Ta gaishe shi da girmamawa, ta ce ya faɗi lambarsa ta soja.

Mutumin da bai san lambar wayar gidansa ba. Ya miƙe zaune, ƙirji waje, ya zubo lambobi bakwai a numfashi ɗaya, da wata murya da rabona da ita tun tashar jirgin ƙasa.

Ta tambayi bataliya, ya faɗa. Ranar tafiya da ta dawowa, ya faɗa. Ta dubi takardarta ta dube shi, ta ce, "Tambaya ta ƙarshe, dole in ji daga bakinka. Kai ne Neville Arthur Tregear da ya yi wannan aiki?"

Agogon laburare yana ta bugawa. Coral ta riƙe mini hannu har zobena ya shige nama.

Ya ce, "Ni ne."

Ta ce, "Mun gode da hidimarka."

Ya ce, "Akwai wani Dennis Keogh a takardunku. Shi za ku gode wa. Kuma ba matsoraci ba ne."

Ta ce, "Na ji, ranka ya daɗe." Ba ta san kan zancen ba, amma ta faɗe shi kamar ta sani. Allah ya yi wa yarinyar nan albarka.

Da ya miƙe, kyamara ba ta mutu ba tukuna. Jami'ar gwamnati ta ga gwiwoyin mijina. Na ji ta tana tari.

A hanyar gida ya cinye biskit shida daga jakata.

Asabar, 20 ga Afrilu, ƙarfe 8 na safe

Ba amsa tukuna. Ba fito. Amma na ga leɓensa yana motsi wajen kaji.

Litinin, 22 ga Afrilu, ƙarfe 5 na yamma

Amsa ta zo ƙarfe sha ɗaya, da koren tambari. Coral ta tura wa kulob kwafi, ta tura ɗaya inda ake kai ƙarar shafukan ƙarya, ta kuma rubuta wa matar Tasmania da kanta. Ta ce, "Gara ta ji daga wadda ta riga ta hawa bas." Daga nan ta zaunar da ni ta nuna mini wurin dannawar nan. Yanzu mu goma sha biyu ne da gaske.

Ƙarfe uku sai ga Warwick da kwandon tuffa, hula a hannu.

"Nev, na zo ba da haƙuri."

"Aikinka ka yi, aboki. Da ni ne ma haka zan yi."

"Kwamiti yana so ka shiga sahun gaba ranar Alhamis."

"Baya ya ishe ni."

Warwick ya juya hularsa sau biyu. "Har yanzu ban gane zancen dama ɗin nan ba."

Nev ya ce, "Ba kowane abin da aka rubuta sunanka a kai ne naka ba."

Warwick bai ƙara tambaya ba. Sojan ruwa ne, amma yana da kai. Wannan karon ya ci kek, yanka biyu, yana ta yaba wa Coral. Ya dube ni ya ce, "Glenys, wani abu ya lalata mini aljihun kwat kwanaki." Na ce ɓeraye sun yi yawa bana.

Laraba, 24 ga Afrilu, ƙarfe 2 na rana

Shafin ƙarya ya sauka! Coral ta duba sau biyar. Na tashi daga matattu a hukumance.

Na goge kwat. Na yanko rozmari daga lambu, ganyen tunawa da kowa zai maƙala gobe. Lambobin suna kan teburi, na goge su da tsohuwar safa kamar kowace shekara. Ni ke maƙala masa su tun farko, don yatsunsa ba sa jituwa da fil.

Ina da wata dabara. In ta ɓaci, to, littafin nan ya zama shaida cewa da kyakkyawar niyya na yi.

Alhamis, 25 ga Afrilu, ƙarfe 4 na yamma

Ƙafafuna sun kumbura, muryata ta dushe, ga shayi a gefe. Bari in rubuta kafin baƙi su dawo.

Mun tashi da asuba don taron fitowar rana. Sanyi har cikin ƙashi. Ya tsaya a gaban madubi kamar kullum, haɓa sama, yana jira. Na ɗauki lambobin, na maƙala su a hagu.

Ya sauke ido. Ya ce, "Kin yi kuskure, Glen."

Na ce, "Shekarata saba'in da biyar, ga shi kwanan nan na tashi daga kabari. Hagu da dama duk ɗaya ne a wurina. In ba su yi maka ba, ga fil nan, ka cire da kanka."

Na juya ina neman jakar da ke rataye a kafaɗata. Ina kallonsa ta gefen ido. Ya ɗaga hannu ya kai kan fil ɗin. Ya daɗe a haka, har na ji Coral tana kunna butar shayi a kicin. Na ce a raina, shi ke nan, na ɓata ranar.

Sai ya sauke hannun. Ya ɗauki reshen rozmari daga teburi, ya miƙo mini, ya nuna ƙirjinsa na dama, inda zaren kwat ya riga ya huhhuje saboda shekaru.

Ya ce, "Sa wannan a nan. Kada wurin Dinny ya zauna ba kowa."

Na sa. Har na soke yatsana.

A fareti ya nufi baya kamar yadda ya saba. Tsofaffin sahun gaba suka ga ƙirjinsa, suka tsaya cak. Suka matsa, suka buɗe gurbi a tsakiya, mai ganga yana jira, gari duka yana jira. Warwick ya ce, "Nev, sanyi ake yi, kada ka sa tsofaffi su mutu a tsaye." Ya shiga.

Narelle ta yi kuka, Tahlia ta ɗauki hoto, na ce mata in ta kuskura ta sa shi inda duniya za ta gani sai na cire ta daga wasiyyata. Matar nan ta shagon nama ta zo tana cewa ai ita dama ta sani. Na ba ta biskit, wanda ya ƙone.

Wajen karin kumallo a kulob, Warwick ya ja wa Coral kujera, ya tambaya ko za ta ƙara kwana biyu a gari. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Faɗi lambarka ta soja tukuna, zan duba." Ya faɗa, har da ƙamewa.

Muka taho gida a ƙafa, ni da tsohona, Kofur yana gaba. Daidai kwanar gidan mai sai na ji ta. Waƙar nan mara kai mara gindi, wadda wani mai manyan kunnuwa ya koya masa a bayan motar ɗiban tumaki tun kafin a san ni.

Na ce, "Kai dai ba ka da wata waƙar ne?"

Ya ce, "Babu."

Na ce, "To ƙara murya, kunnen nan nawa na hagu ba ya ji sosai."